Farfagandar Yaƙi da Rabon Alhaki Tsakanin Shugabanni da Talakawa

Farfaganda ita ce tsararriyar magana wadda mai mulki ko mai neman mulki yake yaɗawa domin ya karkata zukatan jama'a zuwa ga abin da yake so, kuma babu lokacin da kasuwarta take ci kamar lokacin yaƙi, saboda babu sarki ko gwamnatin da za ta iya yaƙi da hannunta kaɗai, dole ne ta sami masu ba da 'ya'yansu da hatsinsu da kuɗinsu, su kuwa ba sa bayarwa da daɗin rai sai an gamsar da su cewa abokin gaba ya cancanci abin da za a yi masa. Mafi yawan farfaganda gaskiya ce da aka tsince, aka faɗi wadda ta dace da buƙatar mai faɗa aka binne saura, shi ya sa take da wuyar ganewa fiye da ƙarya tsagwaronta. Matasan da suka tashi a ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa suna da dalili na musamman na fahimtar wannan al'amari, domin kakanninsu sun biya kuɗin yaƙe-yaƙe da dama waɗanda ba a taɓa yin shawara da su ba kafin a ɗaura su.

Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda gona take manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda. Irin wannan noma ƙarfin hannu yake ci, kuma tsarin da ya riƙe shi shekaru aru-aru shi ne gandu, wato magidanci da 'ya'yansa maza da ƙannensa su yi aiki a gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya. Ma'anar haka ita ce duk saurayin da aka ɗauke daga gida da damina, ko aka kama shi, ko ya gudu daji don tsoron mahara, raguwar da za a gani a rumbu ce da kaka, yunwar kuma ta faɗa kan tsofaffi da mata da ƙananan yara waɗanda ba su san ma sunan filin dagar ba.

Yaƙin Basasar Kano, wanda aka yi daga 1893 zuwa 1895, shi ne misalin da ya fi kusa da gida, kuma masanin tarihi Adamu Fika ya yi masa cikakken nazari a littafinsa da aka buga a 1978. Asalin rikicin gadon sarauta ne tsakanin jikokin Sarki Ibrahim Dabo. Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya gaji ɗan'uwansa Abdullahi Maje Karofi, ya tuɓe da yawa daga cikin 'ya'yan Abdullahi da magoya bayansu daga muƙamansu, ya ɗaukaka ɗansa Tukur zuwa sarautar Galadima, da Bello ya rasu a ƙarshen 1893 kuma sai Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur, wanda ya taɓa nuna jarumtaka a yaƙin Argungu. Yusufu ɗan Abdullahi ya fice daga birni da jama'arsa ya kafa sansani a Takai, bayan rasuwarsa a Garko a 1894 aka miƙa jagoranci ga ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, shi ne ya ci birnin a wannan shekarar, aka kuma ƙare yaƙin a 1895 a Tafashiya, wajen iyakar Kano da Katsina, inda kwanan Tukur ya ƙare.

Abin lura shi ne maganar da kowane ɓangare ya faɗa wa jama'a. Tukurawa sun riƙe hujjar cewa Sarkin Musulmi ne ya naɗa sarkinsu, saboda haka wanda ya yaƙe shi ɗan tawaye ne da ya karya mubaya'a, wato alkawarin biyayya ga shugaban Musulmi. Yusufawa kuma sun riƙe hujjar zaluncin da aka yi wa gidansu da yadda aka yi watsi da ra'ayin manyan Kano. Kowace hujja da ƙamshin gaskiya a jikinta, amma babu ɗaya da ta taɓo abin da ya dami manomi, kuma ba a bar shi ya zaɓi ɓangare ba, domin ƙauye yana bin dagacinsa ne, dagaci yana bin hakimin da ke birni, duk inda hakimi ya karkata nan talakawansa suka zama abokan gabar ɗaya ɓangaren ba tare da sun ɗaga ko tsinke ba. An ƙone garuruwa, an kwashe rumbuna, an kama 'yantattun Musulmi an sayar da su bayi, abin da shari'ar da kowane ɓangare yake da'awar karewa ta haramta. Kano ba ta gama farfaɗowa ba sai ga dakarun Damagaram a ƙarƙashin Sarki Ahmadu Kuran Daga sun shigo ta arewa a ƙarshen shekarun 1890, suka yi ɓarna a ƙasar Gezawa, a Fabrairun 1903 kuma birnin ya faɗa hannun Turawa, waɗanda su ma suka zo da tasu hujjar da aka tsara don kunnen mutanen Ingila, cewa sun zo hana cinikin bayi ne da hukunta Kano saboda ta karɓi Magajin Keffi bayan ya kashe wani hafsansu. Sarauta ta ci gaba da zama a gidan Dabo, an naɗa Abbas ɗan'uwan Alu, amma waɗanda aka sayar a kasuwa babu wanda ya rubuta sunayensu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da farfaganda irin ta zamani, mai takarda da hoto. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta tare da Dokta Rupert East, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe raɗe-raɗin da ya bazu cewa Ingila za ta miƙa wa Hitila Nijeriya. Da yaƙi ya kankama aka ƙara da 'Yar Gaskiya da rubutun ajami domin waɗanda ba su yi boko ba, da wata takardar labarin yaƙi mai suna Suda, ga kuma majigi da ake yawo da shi garuruwa ana haska ƙarfin Ingila a ƙofar fadar hakimi. Saƙon guda ne, cewa wannan yaƙi na 'yanci ne da azzalumi. Rabin saƙon gaskiya ne ƙwarai, domin Hitila azzalumi ne wanda ya hallaka miliyoyin mutane saboda asalinsu, kuma da ya yi nasara baƙar fata ba zai ga da kyau ba. Rabin da aka binne shi ne cewa 'yancin da ake yaƙi dominsa ba a yi niyyar ya kai ga manomin Kano ba, domin bayan shugabannin Ingila da Amurka, Churchill da Roosevelt, sun fitar da sanarwar Atilantika a Agustan 1941, wadda ta amince da haƙƙin kowace al'umma ta zaɓi gwamnatinta, Churchill ya bayyana wa majalisar ƙasarsa a wata mai bi cewa maganar ba ta shafi ƙasashen da Ingila ke mulka ba.

Abin da aka karɓa kuwa ba a yi rangwame a kansa ba. An ɗebi samari daga ƙauyukan Arewa, sau da yawa ta hannun hakimai da dagatai waɗanda aka yanka wa adadi, aka kai su dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japanawa, mutanen da ba su taɓa jin labarinsu ba kafin a sa musu kaki. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944, aka tura dubban manoma daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Babban rabon ƙasar Kano shi ne gyaɗa, wadda ake matsa wa manomi ya ƙara nomawa domin man girkin Ingila, hukuma ce kuma take yanka farashi, ana tara buhuna a tashoshin layin dogo na Nguru irin su Jogana da Zakirai, alhali kowace kadada da gyaɗa ta ci ragi ce daga geron gida. Filin jirgin saman Kano ya zama zango a hanyar jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar, an kuma tara gudummawar yaƙi daga baitulmalin En'e da aljihun jama'a a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wanda ya ba da ɗansa da gyaɗarsa a waɗannan shekaru ba shi da laifin komai, amma yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiya cikakkiya, ba a kuwa faɗa masa ba.

Daga waɗannan misalai biyu hukuncin farko ya fito fili, cewa mafi nauyin alhakin yaƙi yana wuyan shugabanni, kuma dalilin haka ilmi ne da zaɓi. Shugaba ya san abin da talaka bai sani ba, ya san tayin sulhun da aka yi masa ya ƙi, ya san abin da ake nema na haƙiƙa bayan wanda ake shelantawa, yana da ikon ya tsaya ko ya ci gaba, shi ne kuma yake ɗaukar nauyin maroƙa da 'yan jarida da wasu malamai su gyara masa magana. Addinin Musulunci ya ɗora wa kowane shugaba tambaya game da waɗanda aka ba shi kiwo, magabatan wannan ƙasa ma ba su ɗauki hujjar yaƙi a matsayin abin da ya fi ƙarfin bincike ba: Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana ƙalubalantar dalilin yaƙar Musulmin Borno, Bello kuma ya adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri, shi kuwa Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi na wani lokaci ya zo Kano saboda ganin yadda neman duniya ya shiga zukatan mayaƙa. Saboda haka matashin da ya tambayi dalilin yaƙi bai fita daga tarbiyyar gidansu ba. Haka kuma wanda ya ɗora laifin wani shugaba a kan dukan ƙabilarsa ko ƙasarsa ya saɓa wa ƙa'idar da Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, cewa ba a kama wani da zunubin wani.

Sai dai akwai hukunci na biyu, wanda ya fi ɗaci a baki, kuma shekarar 1966 ce take tilasta faɗarsa. A ranar 15 ga Janairu wasu hafsoshin soja, yawancinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Baƙin cikin da ya lulluɓe Arewa na gaske ne, babu wanda ya ƙirƙire shi, kuma dokar soja mai lamba 34 ta watan Mayu, wadda ta soke tsarin jihohi, ta ƙara tsoron cewa za a mamaye aikin gwamnati a Arewa. Aikin da masu zuga suka yi shi ne ɗauke laifi daga kan wasu hafsoshi ƙalilan su ɗora shi a kan kowane tela da makanike da akawun tasha da ya fito daga Gabas. An yi kashe-kashe a ƙarshen Mayu, aka yi juyin mulki na biyu a ranar 29 ga Yuli, a ƙarshen Satumba kuma gidan rediyon Kwatano ya ba da labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, rediyon Kaduna ya maimaita shi, cikin kwanaki kaɗan wuta ta tashi a garuruwa da dama, har a ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta biyar da suka yi bore suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa ta Kano. Dubban mutane sun mutu, fiye da miliyan guda suka gudu Gabas, an kuma kashe 'yan Arewa a can a matsayin ramuwa.

Masu zugar sun fi kowa laifi, amma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ɗauki gora ya nufi shagon maƙwabcinsa ba hafsa ba ne kuma ba ɗan siyasa ba ne, babu kuma wanda ya yanka masa adadi kamar yadda aka yi wa hakimai da dagatai lokacin ɗibar soja. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa yana da zaɓi ita ce wasu mutanen, a unguwanni ɗaya da shi, sun ji labari iri ɗaya amma suka ɓoye baƙi a ɗakunan matansu, suka sa musu riguna da huluna suka fitar da su cikin dare, Sarkin Kano Ado Bayero ma ya fito da kansa don kwantar da tarzomar. Da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke a Yulin 1967, kowane ɓangare ya ci gaba da tsintar gaskiyar da ta yi masa daɗi. Gwamnatin Ojukwu, wadda ta ɓalle da yankin Gabas, ta ɗauki kamfanin Markpress na birnin Janeba yana watsa hotunan yara masu yunwa a Turai, tana gaya wa mutanenta cewa miƙa wuya daidai yake da ƙarewarsu baki ɗaya, abin da ya tsawaita yaƙin bayan an san ba za a ci shi ba. Ɓangaren tarayya kuma ya yi ta maganar haɗin kan ƙasa ya yi shiru kan kisan fararen hula a Asaba a Oktoban 1967 da yunwar da toshe hanyoyi ya jawo. Kafin a ajiye makamai a Janairun 1970, ƙiyasin masana ya nuna mutanen da suka mutu sun kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, mafi yawansu yara da talakawan karkara waɗanda rayuwarsu ba ta da wani bambanci da ta manomin Kunchi.

Dokar duniya ta iso ga irin wannan rabo na alhaki bayan doguwar wahala. Kotun Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 ta gurfanar da shugabannin Jamus ɗaya bayan ɗaya da sunayensu maimakon hukunta Jamusawa a dunƙule, ta ƙi karɓar uzurin cewa umarni aka bi, ta kuma yanke hukuncin rataya ga Julius Streicher, wanda babban makaminsa jarida ce. Kotun Arusha ma a 2003 ta ɗaure waɗanda suka kafa rediyon da ya zuga kisan ƙare-dangi a Ruwanda a 1994. Fiƙihun Musulunci ya riga su da ƙa'idar cewa biyayya ga shugaba tana ƙarewa a inda saɓon Allah ya fara, kuma tilas ba ta halatta wa mutum ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba don ya tsirar da kansa.

Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne kayan aikin zuga sun bar fada da gidan rediyo sun shiga aljihun kowa. Aikin da a 1966 sai da gidan rediyon wata ƙasa ya fara wani ya maimaita, yau saurayi ɗaya a tashar mota ta Bichi yana iya yin sa da yatsa ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok, da hoton gawarwakin da aka ɗauka a wata ƙasa shekaru da suka wuce, ko da saƙon murya wanda babu sunan mai shi. Gwargwadon yadda ikon yaɗawa ya sauko ga talaka, haka rabonsa na alhaki ya ƙaru. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta wajabta binciken labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma ambaci dalilin, wato gudun cutar da wasu mutane cikin jahilci, hadisi ingantacce kuma ya lissafa mai faɗin duk abin da ya ji cikin maƙaryata.

Hatsarin da ya fi kusa da wannan yanki shi ne maganar da ake ta hurawa a intanet don raba Hausawa da Fulani, musamman yanzu da hare-haren 'yan bindiga suka tsallako daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Ta'asar 'yan bindiga gaskiya ce, kuma wanda aka sace wa mata ko aka kore wa shanu yana da haƙƙin ya yi fushi ya nemi hukuma ta kare shi. Tsintar da ake yi ita ce a ɓoye cewa makiyaya na cikin waɗanda aka fi sacewa dabbobi, cewa masu kai wa 'yan bindiga rahoto da fetur da abinci daga kowace ƙabila suke, kuma cewa a Zamfara kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka mai da satar shanu ta zama yaƙi. A ƙasar da Dambatta take mazaunin Sarkin Bai na gidan Dambazawa, Dawakin Tofa take mazaunin Madaki na gidan Yolawa, auratayya kuma ta cakuɗa jini tun fiye da shekara 200, mai kiran a ware Bafulatani daga Bahaushe yana kiran mutum ne ya yaƙi kawunsa.

Akwai kuma shaida ta kwanan nan cewa muryar jama'a tana iya tare yaƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, fataken da ke hada-hada tsakanin kasuwar Dawanau da Maraɗi da Damagaram suka ji a jikinsu, kowane ɓangare kuma ya saki masu yi masa kirari a kafafen sadarwa. Amma malamai da sarakuna da 'yan kasuwa da talakawan Arewa suka ƙi yarda a sa musu 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka a matsayin abokan gaba, majalisar dattawan Nijeriya ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu, tawagar malamai ta je Yamai, ba a harba harsashi ko ɗaya ba, Nijeriya ta buɗe iyakarta a Maris na 2024.

Abin da ake roƙon matashi a kai bai fi ƙarfinsa ba. Idan labarin ta'asa ya iso masa, ya binciki wanda ya fara faɗa da abin da zai samu in jama'a suka fusata, ya lura ko an ambaci sunan mai laifi da gari da rana ko kuwa an ce wata ƙabila ce kawai ta yi, ya nemi wani da ya sani a garin da aka ambata ya kira shi, tunda wayar da ta kawo labarin tana iya kai tambaya. Idan ɗan siyasa ko mai wa'azi ya kira shi ya fito, ya duba ko 'ya'yan mai kiran suna sahun gaba. Ya riƙe shugabanni da alhakinsu ta hanyar tambaya da ƙuri'a da ƙin zama ɗan bangar kowa, ya kai rahoton mai laifi ga mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro da sunansa shi kaɗai. Saƙon da bai iya tabbatar da shi ba kuwa, ko da daga babban yayansa ko malaminsa ya fito, kada ya tura wa kowa, ya kuma gaya wa wanda ya turo masa dalilinsa cikin ladabi.